Yadda ake yi wa mutum-mutumin wasan yaƙi fentin ɓad-da-kama na dusar ƙanƙara

Tambayar da 'yan'uwa masu wasan yaƙi na kan tebur suka fi yi min a nan Katsina ita ce ta farin fenti. Mutum ya ga hoton injin yaƙi an yi masa ɓad-da-kama na ƙasashen sanyi, fari-fari da dabbaren kore ko ruwan toka, ya ce shi ma zai yi. Ya ɗauko farin fenti ya lafta. Abin ya bushe ya fito fari fat, layukan sulken duk sun toshe, daga ɗaya gefen tebur ba ka bambance hannu da bindiga.

Matsalar tana cikin jerin aikin. Fari yana zuwa ne can kusa da ƙarshe, a kan wani launi, kuma ba ya rufe ko'ina. Haka ainihin abin yake: tun daga hunturun 1941 sojojin Rasha da na Jamus sukan dama farar ƙasa ko alli da ruwa su shafe tankokinsu a gaggauce, da buroshi ko tsintsiya ko tsumma, a kan koren ko ruwan tokar da tankar ta zo da shi. Bayan 'yan makonni farin ya koɗe a gefuna da duk inda ake takawa. Wanda ya ga katangar da aka shafa wa farar ƙasa kafin Sallah, ya sake ganinta bayan damina ɗaya, ya san kamannin da muke nema.

Bayanin nan na injinan roba ne na BattleTech, wasan yaƙi na manyan injina masu tafiya da ƙafafu da matuƙi a ciki, da kamfanin Catalyst Game Labs ke fitarwa, waɗanda suke zuwa a haɗe a kan gindi mai kusurwa shida, tsayinsu 'yan santimita kaɗan. Masu manyan injinan wasan Warhammer 40,000 ma za su iya bin matakan, sai dai dabbarensu zai fi faɗi. Shawarata ka yi guda 4 a tare, wato runduna ɗaya a wasan, don launinsu ya zo iri ɗaya, kuma kafin ka gama na huɗu na farko ya bushe.

Kayan aiki da inda kuɗin yake tafiya

Fenti: akirilik kawai, wanda ake sirkawa da ruwa amma in ya bushe ruwa ba ya wanke shi. Launi 6 sun isa: fari, baƙi, kore mai duhu irin na soja, ruwan ƙasa, shuɗi, da ruwan ƙarfe. In kana son gilashin matuƙi ya ɗauki ido, ƙara ja ko ruwan goro. Ruwan toka ba sai ka saya ba, kai za ka haɗa.

Fentin da aka yi musamman don wannan aiki daga waje yake zuwa. Citadel na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila yana zuwa a 'yar kwalba mai milimita 12, Vallejo na Sifen da Army Painter na Denmak suna da 17 zuwa 18. Kowace kwalba tana kamawa tsakanin dala 3 zuwa 5 kafin a sa kuɗin kawowa, ka ga in ka juya shi zuwa naira launi shida ba ƙaramin kuɗi ba ne. Akirilik na masu zane da ke zuwa a tub irin na man goge baki, wanda ake samu a wasu shagunan littattafai ko a aiko maka daga Sabon Gari a Kano, yana yin aikin in ka sirka shi da kyau. In kuɗinka na kwalba ɗaya ne mai tsada, to ka kashe shi a kan fari. Baƙi da kore masu arha ba sa tona asiri, amma fari mai arha yana bushewa da gari-gari, ga shi ba ya rufewa sai an yi ta maimaitawa.

Gargaɗi: kada ka kusanci fosta kala ta 'yan makaranta, gumin hannu kaɗai yana ɗauke ta. Fentin mai na ƙofa da taga da fentin bango su ma ba nasu ba ne, kaurinsu yana cike layukan.

Buroshi: lamba 1 ko 2 mai tsini sosai shi ne na yawancin aikin, lamba 0 na ƙananan wurare, sai wani tsoho wanda ba ka tausayinsa. Wurin masu kayan kwalliya a Babbar Kasuwa za ka samu ƙaramin buroshin hoda mai laushi, ya fi wanda ake sayarwa da sunan wannan aiki sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma yana yin busasshen shafi, wato shafa fenti da buroshin da aka goge har ya kusa bushewa, yadda ake so.

Sauran tarkace: gwangwanin firaima (shafin farko da ke sa fenti ya kama jikin roba) na feshi ruwan toka mara ƙyalli, banish (shafin ƙarshe mara launi da ke kare fenti) mara ƙyalli, Top Bond, sufa gulu, sabuwar reza, samfefa mai laushi, tsohon buroshin haƙori, guntun soson katifa, tsinken sakace, yashi, murafun gorar ruwa, robar abinci mai murfi, tishu, takardar gashin kek da bekin soda daga masu kayan kek, da kwali babba. Gwangwanin firaima ɗaya yana isar inji fiye da 20, don haka abokai biyu ko uku su haɗa kuɗi su saya, ba sai kowa da nasa ba.

1. Shirya wuri da jiƙaƙƙen faranti

Waɗanda suka yi yawancin bidiyon koyarwa a ƙasashe masu laima suke zaune. Mu a nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take ƙayau ga ƙura, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yana haura digiri 40. Ɗigon akirilik da ka sa a murfin kwalba zai yi fata kafin ka wanke buroshi. Ƙurarmu kuma ja ce, in ta zauna a kan jiƙaƙƙen farin fenti ta zauna ke nan.

Ka rufe taga, ka kashe fanka, ka goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Ajiye kwalin a gefe, duk injin da ka gama shafawa ka kife shi a ciki.

Sannan faranti. Ninka tishu gida huɗu a cikin robar abincin, zuba ruwa har ya jiƙe sharkaf amma kada ya kwanta, ɗora takardar gashin kek a kai ka shafe kumfar iska da yatsa. A kan takardar za ka riƙa ɗiga fenti. Danshi yana ratsowa daga ƙasa, fentin zai kai awanni bai bushe ba. In za ka tashi salla ko cin abinci, rufe murfin.

Gargaɗi: leda ko takarda mai kakin zuma ba sa barin ruwa ya ratsa, ba za su yi ba. Kuma ka riƙa sauya tishun bayan kwana biyu ko uku, yana fumfuna.

2. Kankara da wanki

Duba injin a haske za ka ga siririn layi yana bin gefen ƙafafu, hannuwa da bututun bindiga, inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Kwantar da bakin reza ka kankare shi a hankali, kada ka yanka. A kan baƙi ko kore wannan layi yana ɓoyewa, a kan fari kuwa ruwan inuwa, wato fenti mai duhu da aka tsinka sosai don ya shiga tsagogi, zai bi shi ya fito da shi sarai.

In bindiga ko eriya ta lanƙwashe, tsoma ta a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, miƙe ta da yatsa, ka tsoma a ruwan sanyi. Daga nan ka wanke duka da sabulun wanke-wanke da buroshin haƙori, don akwai maiƙon mazubi da na hannu da ke hana firaima kamawa. Bar su su bushe sarai.

3. Yashi da mariƙi

Shafa Top Bond a saman gindin, ka kauce wa ƙafafun da gefen kusurwoyin, ka barbaɗa yashin da ka tankaɗe da rariya. Tsakuwa ɗaya ko biyu ƙanana sun isa. Ana yin wannan tun yanzu ne don firaima ya bi ta kai ya ƙara riƙe yashin.

Manna kowane inji a kan murfin gora da ɗan ɗigon sufa gulu ko selotef mai fuska biyu. Daga yanzu murfin za ka riƙa kamawa. Farin fenti ba ya yafe yatsa.

4. Firaima

Ruwan toka. Ba baƙi ba, don za ka sha wahala kafin fari ya rufe shi. Ba kuma fari ba, don duk lungun da buroshi bai kai ba zai riƙa haske a inda ya kamata a ga duhu.

Fita waje da sanyin safiya, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa, ka sa takunkumi. Girgiza gwangwanin minti 2 cikakku. Riƙe shi nisan santimita 20 zuwa 25, ka fara feshin daga gefe, ka wuce ta kan injin, ka sake yatsa bayan ka wuce. Gajeren feshi, ka juya, gajeren feshi. Kada ka manta ƙarƙashin hammata da tsakanin ƙafafu. In ana ɗan hango launin robar a wasu lunguna ba komai, ya fi ka cika shi.

Gargaɗi: da rana tsaka ko daga nesa, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, jikin injin ya fito yashi-yashi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a garin nan, kuma ba ya gyaruwa sai an wanke an sake. Gwangwanin ma kada a bar shi a rana ko a but ɗin mota.

Gargaɗi na biyu: in a wurin masu fentin mota ko masu kayan gini ka sayi gwangwanin, gwada shi tukuna a ƙarƙashin gindin inji ɗaya. Wasu suna da sinadari mai ƙarfi da ke sa roba mai laushi ta yi danƙo har abada. In bayan kwana ɗaya yana kama yatsa, nemi wani iri, ko ka koma firaima na shafawa da buroshi.

Bar su su kwana a cikin kwali.

5. Launin ƙasa da inuwar farko

Wannan shi ne fentin da injin ya fito da shi daga masana'anta. Kore mai duhu ko ruwan toka mai duhu, zaɓi ɗaya ga rundunar duka. Ni kore na fi so, don yana raba tsakaninsa da fari ko daga nesa, ruwan toka kuwa yakan narke cikin inuwar farin.

Sirka fentin da ruwa, kusan ɗigon ruwa ɗaya ga ɗigon fenti ɗaya in na kwalba ne, biyu in na tub ne. Shafi biyu marasa kauri, ka jira na farko ya bushe. Ba sai ka tsaya neman kyau ba, kashi biyu cikin uku za su ɓace ƙarƙashin fari.

Sai ruwan inuwa. Masu Citadel suna da Nuln Oil da Agrax Earthshade. In babu, haɗa naka: ɗigon baƙi ɗaya, ɗigon ruwan ƙasa ɗaya, ruwa kamar ɗigo 15, da abin da tsinken sakace ya ɗauko na sabulun wanke-wanke don ruwan ya gangara cikin tsagogi maimakon ya taru a fili. Shafe injin gaba ɗaya, inda ya yi kududdufi ka tsotse da busasshen buroshi. Bari ya bushe tsaf, aƙalla rabin awa.

6. Shimfiɗar toka mai haske

Nan ne mutane suke tsallakewa su yi nadama. Haɗa fari kashi 3, baƙi ɗan mitsitsi, shuɗi ɗan mitsitsi, har ka samu ruwan toka mai haske da ke karkata zuwa shuɗi. Dalilin shuɗin: inuwar da ke kan dusar ƙanƙara shuɗi-shuɗi take, don hasken sararin sama take ɗauka. Mu da ba mu taso muna ganinta ba hannunmu yakan tafi ga ruwan madara ko ruwan ƙasa, abin ya fito kamar ya sha ƙurar hanyar Jibiya maimakon sanyi.

Kafin ka taɓa injin, yanke shawarar inda koren zai tsira. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ta shafin gaggawa. Ka cika tsakiyar kowane allon sulke da tokar, ka bar siririn kore a gefuna, a cikin tsagogi, kewayen gaɓoɓi da ƙasan ƙafafu. Ja buroshin daga sama zuwa ƙasa ko da yaushe. In sawun buroshi ya ɗan fito ka bar shi, aikin soja ne mai sauri yatsunsa na daskarewa.

Ta biyu ita ce dabbare. Ka zana iyakokin da bakin buroshi, ka cika ciki. Ka'idarsa ɗaya tak: dabbaren ya tsallaka gefen allo. Ya taso daga ƙirji ya haura kafaɗa, ya faro daga cinya ya zagaya baya. Aikin ɓad-da-kama shi ne ya karya siffar injin, in kuwa ka bi allo-allo, wannan fari wannan kore, to ado ka yi. Dabbare 2 ko 3 manya a gangar jiki, ɗaya a kowace ƙafa da hannu, sun wadatar. Kada hagu ya yi daidai da dama.

Gargaɗi: ƙananan ɗige-ɗige masu yawa suna da kyau a tafin hannu, amma a tebur, daga nisan mita ɗaya, duk suna cakuɗewa su koma launi ɗaya mara fasali. Ajiye injin a tebur ka ja da baya taku biyu ka duba kafin ka ci gaba.

Shafi biyu na tokar. Ta nan ne za ka rufe koren, don ruwan toka ya fi fari ƙarfin rufewa.

7. Farin kansa

Ƙara fari a cikin haɗin tokar har ya kusa zama fari amma bai kai ba. Sirka shi fiye da yadda ka sirka koren. Tsoma buroshi, ka taɓa shi a tishu ya rage ruwa, sannan ka shafa a kan tokar, kana barin kaɗan daga cikinta a ƙasan kowane allo da wuraren da ke fuskantar ƙasa.

Shafin farko zai fito da ban haushi, tabo-tabo. Haka yake. Kada ka koma kansa yana jiƙe, za ka yage fatar da ta fara yi ka bar rami. Wuce zuwa inji na biyu, na uku, na huɗu, ka dawo. A hunturu minti 3 zuwa 5 sun isa. Shafi na biyu zai daidaita, na uku ya rufe. Kowane shafi ya ɗan fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta, yana matsawa sama.

Tsantsar fari, wanda ba a haɗa da komai ba, wuri kaɗan yake da shi: saman kai, saman kafaɗu, saman ƙirji, da gefunan da ke kallon sama. Nan buroshin hodar zai yi amfani. Taɓa shi a fari mara ruwa, goge a tishu har ya kusa daina barin alama, ka riƙa shafawa sama-sama daga sama zuwa ƙasa. Gefuna kawai zai kama. In ka fara da tsantsar fari tun a shafin farko, ba ka da sauran abin da za ka haska da shi, shi ya sa injin ke fitowa a shafe.

Gargaɗi: ruwan wanke buroshi ya zama sabo kafin ka fara fari, kuma kofi daban da na kore da na ruwan ƙarfe. Ƙyallin fentin ƙarfe yana yawo a ruwa ya shiga ko'ina. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana barin farin gishiri a buta, yi amfani da ruwan leda.

Masu injin feshi na hannu suna da wata dabara: su rufe koren da banish, su fesa feshin gashi, su fesa fari mara kauri, bayan 'yan mintuna su goge da jiƙaƙƙen buroshi mai tauri farin ya riƙa ɓarewa da kansa. Tana da kyau ƙwarai a manyan injina. Da buroshin hannu kuwa ruwan fentin yana narkar da feshin gashin tun kana shafawa, ya zama kwaɓa. In ba ka da injin feshin, bar ta.

8. Inuwa ta biyu, a cikin tsagogi kawai

Kada ka kuskura ka shafe farin da ruwan inuwa yadda ka yi wa kore. Zai yi dauɗa gaba ɗaya, aikin awa biyu ya tafi.

Haɗa wani sabo: shuɗi ɗigo ɗaya, baƙi rabin ɗigo, ruwa kamar ɗigo 12. Da buroshi lamba 0 ka taɓa bakin tsaga, ruwan zai bi layin da kansa. Ka bi layukan da fari ya shiga ya toshe, kewayen ƙusoshi, ramukan makamai masu linzami, da ƙarƙashin kowane allo da ya ɗan ɗago. In ya fita layi, share da jiƙaƙƙen buroshi mai tsabta nan take, ko ka bari ya bushe ka rufe da fari. Wannan matakin yana cin lokaci, minti 15 ko fiye a kan inji ɗaya, amma shi ne yake sa a gane siffar injin daga nesa.

9. Koɗewa da soso

Yagi ɗan guntun soson katifa da yatsa, kada ka yanka da almakashi, gefen da bai daidaita ba ake so. Kama shi da hantsaki ko tsinke biyu. Taɓa a koren da ka yi launin ƙasa, danna a tishu sau da yawa har ya koma barin ƙananan ɗigo, sannan ka taɓa a gefunan sulke.

Tambayi kanka ina ne abu zai goga: gwiwoyi, yatsun ƙafa, gwiwar hannu, kusurwar kafaɗa, kewayen ƙofar da matuƙi ke shiga. Tsakiyar ƙirji ba ya gogar komai. Bayan kore, maimaita da ruwan ƙasa mai duhu, ƙasa da rabin na farko, a wuraren da suka fi shan wuya, alamar an ci fenti har an kai ƙarfe.

Gargaɗi: injin nan a cikin labarin wasan ya kai tsayin mita 10 ko kusa, ga shi a hannunka bai wuce yatsa ba. Tabon da ya kai ƙwayar gero a jikinsa, a gaske ya fi faranti girma. Ka tsaya tun kana jin bai isa ba.

10. Bindigogi, gilashi da alamar gaba

Bututun bindiga, gaɓoɓi da ramukan fitar zafi: baƙi tukuna, sannan busasshen shafi na ruwan ƙarfe. Gilashin matuƙi: baƙi, sai ja ko ruwan goro a rabin ƙasa, sai ɗigon fari da bakin tsinken sakace a kusurwar sama. A kan farin jiki launi mai zafi ya fi shuɗi fitowa.

Ɗan kunkunniya a bakin bindiga da sama da ramukan zafi, da busasshen buroshi da baƙi. Taɓo daga tafin ƙafa zuwa ƙasan gwiwa, da ruwan ƙasa mai ruwa-ruwa, yana raguwa in ana hawa. In kana son tsatsa, ja siririn layi biyu ko uku daga ƙusa zuwa ƙasa, ka bi shi da jiƙaƙƙen buroshi ya dushe.

Shafa wa yashin gindi ruwan ƙasa mai duhu, gefen kusurwoyin baƙi. A BattleTech inda inji ya fuskanta yana da hukunci a wasan, kuma wasu an ƙera su a karkace, don haka ja farin layi a gefen da yake gaba, ka rubuta lamba a na baya. Zai rage muku gardama a tebur.

11. Banish

Mara ƙyalli, feshi biyu marasa kauri, da nisa da lokaci irin na firaima. Gwada a kan cokalin roba da ka shafa wa baƙin fenti kafin ka fesa wa injin.

Gargaɗi: a watan Agusta, ko ranar da hadari ya haɗu, banish na feshi yana kama danshi ya bushe da hazo fari-fari. A kan farin sulke ba za ka lura ba sai ka ga gilashi da bindigogi sun dushe. Jira ranar da gari ya washe. Banish ɗin kafintoci na katako kuma yana da ƙyalli, yana juyewa rawaya, kada ya taɓa farin fenti.

12. Dusar ƙanƙara a gindi

Ita ce ta ƙarshe, bayan banish, don in ka sa ta a kan fentin da ba a rufe ba takan tsotso launin ƙasa ta yi ja. Haɗa Top Bond, bekin soda da farin fenti, kusan daidai-wa-daida, da ɗigon ruwa, har ya yi kaurin man goge baki. Farin fentin ba ado ba ne, shi yake rage saurin juyewar haɗin zuwa rawaya in ya daɗe. Ɗora da tsinken sakace, tsibi-tsibi, ka bar ƙasa tana leƙowa a kamar kashi ɗaya cikin uku, musamman kewayen sawun ƙafa. In gindin ya zama fari duka, injin zai ɓace a kansa. Ɗan kaɗan a saman yatsun ƙafa da bayan dunduniya. Tun yana jiƙe ka barbaɗa busasshiyar sodar a kai, ka bar shi ya kwana a kwali, da safe ka kakkaɓe.

Gargaɗi: bekin soda, ba bekin foda ba. Fodar tana da sitaci da sinadari mai tsami, tana kumfa in ta ji ruwa. Fulawa da sukari suna kiran tururuwa da kyankyaso, gishiri kuma yana jan danshi da damina ya narke.

In aikin ya ɓaci

Ko firaima ya yi yashi-yashi, ko fari ya yi kauri ya toshe layuka, ba a yar da injin. Jiƙa shi a sifirit na kemis na 'yan awanni, goge da buroshin haƙori, wanke da sabulu, ka koma mataki na 4. Tina, fetur da ruwan goge farce suna narkar da roba ko su laushe ta, na injinan ƙarfe ne kawai. Firaiman mota yakan ƙi fita duka, in abin da ya rage mara kauri ne kuma da santsi, fesa sabo a kai.

Wajen ajiya, roba mai murfi da aka shimfiɗa wa soson katifa, kowane inji da raminsa, nesa da taga da hasken rana. In ƙura ta hau, buroshin hodar a bushe za ka sa, kada ka kai ruwa kusa da sodar gindin.